Ra'ayinmu: Mujallun Likitocin Haƙori Na Abijan Da Bakin Ɗan Kasuwa

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ya san ba ciwo ne da ake yi wa dauriya ba. Yana hana barci, yana hana cin abinci, yana hana mutum ya tsaya ya yi ciniki da hankalinsa a jikinsa. Amma sanin kowa ne cewa a kasuwanninmu, tun daga Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni har zuwa Adjame da kasuwar Belleville ta unguwar Treichville a birnin Abijan, ɗan kasuwa ba ya rufe rumfa saboda haƙori. Sai dai ya aiki yaro ya sayo masa ƙwaya, ko ya cusa kanumfari a kogon haƙorin, ya cije ya ci gaba da harkarsa, har ranar da kunci zai kumbura, baki ya ƙi buɗuwa.

Abin da da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Kwaddibuwa ba su sani ba shi ne, a cikin wannan birni na Abijan da suke nema, akwai masana da aikinsu ke nan, binciken cututtukan baki da haƙori, kuma suna da mujallun da suke buga sakamakon bincikensu. A Jami'ar Félix Houphouët-Boigny da ke Cocody akwai tsangayar koyar da likitancin haƙori. Tun shekarun 1990 ake buga mujallu biyu na wannan fanni a birnin: Revue Ivoirienne d'Odonto-Stomatologie, da kuma mujallar ƙungiyar likitocin haƙori da masu tiyatar fuska da muƙamuƙi ta Afirka, wadda aka fi sani da Revue du COSA-CMF. Akwai kuma babbar yayarsu, Odonto-Stomatologie Tropicale, wadda aka fara bugawa a Dakar a 1978, take karɓar maƙaloli da Faransanci da Ingilishi, kuma likitocin Legas da Ibadan da Ile-Ife sun daɗe suna aika mata da nasu binciken.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mai sayar da goro ko shadda ko albasa da mujallar malaman jami'a, wadda ko ganinta bai taɓa yi ba? Amsarmu ita ce akwai ruwansa, har da tsakinsa. Abin da aka buga a irin waɗannan mujallu shi ake koya wa ɗalibin da gobe zai duba bakin 'ya'yanmu. Da shi ma'aikatar lafiya take kafa hujja idan za ta ware kuɗi. Cutar da ba a rubuta ta ba, ba a ƙirga ta ba, cuta ce da ba za a saya wa magani ba. Saboda haka tambayoyi biyu muke so mu tattauna a yau: da wane mudu ake auna darajar waɗannan mujallu, kuma waɗanne cututtuka suke dubawa?

Bari mu fara da mudun. A duniyar masana akwai abin da ake kira ma'aunin tasirin mujalla. Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya ƙirƙiro shi, kuma tun 1975 ake fitar da jerinsa duk shekara. A yanzu kamfanin Clarivate ne ke riƙe da shi. Lissafin ba shi da wuya ga ɗan kasuwa. A ce mujalla ta buga maƙala 100 a cikin shekaru biyu, sai a shekara ta uku wasu masana suka ambaci waɗannan maƙaloli sau 300 a cikin nasu rubuce-rubucen. Sai a raba 300 gida 100, a ce makinta uku ke nan. Wadda aka fi ambata ita ce babba. A 2004 kuma kamfanin Elsevier ya buɗe nasa rumbun mai suna Scopus, wanda shi ma yake ƙirga ambato ta tasa hanyar.

Ba mu ce wannan mudu ba shi da amfani ba. A kasuwa ma, ɗan kasuwar da dillalai suke yawan ambaton sunansa da alheri, akwai dalili. Kazalika, a wannan zamani da mujallun bogi suka yi yawa a intanet, masu karɓar kuɗi su buga duk abin da aka kawo musu ba tare da wani masani ya tantance ba, tilas ne a sami hanyar rarrabe tsaki da tsakuwa. Wanda ya ce a zubar da mudu baki ɗaya, ya buɗe wa 'yan damfara ƙofa.

Matsalar ita ce, mai mudun ba ya ƙirga ambato sai daga mujallun da ya shigar cikin kundinsa, kuma mafi yawansu na Turai da Amurka ne, masu fita da Ingilishi. Likitan da ke London ko Tokyo ba shi da wani dalilin da zai sa ya ambaci binciken da aka yi kan masu kumburin wuya a asibitin koyarwa na Treichville, domin ba irin marasa lafiyar da yake gani ba ke nan, kuma ba lallai ne ya ji Faransanci ba. Sai ya zamana binciken da zai iya ceton ran wani a Adjame ya tashi ba shi da maki, alhali binciken sabon sinadarin ƙara wa haƙori fari, wanda masu hali ne kawai za su iya biya, ya kwashi ambato. Su kansu masanan can sun ga aibin abin, shi ya sa a 2012 wasu daga cikinsu suka tsara sanarwar San Francisco, inda suka nemi a daina auna darajar mai bincike da makin mujallar da ya buga aikinsa a ciki.

Wannan magana ta shafe mu ne saboda malamin jami'a shi ma nema yake yi, kuma ƙarin girmansa yana rataye da abin da ya buga. A ƙasashen da Faransa ta raina, hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 take da hedikwata a Wagadugu, ita ce ke tantance malamai kafin su hau mataki na gaba. A Nijeriya kuma jami'o'i suna da nasu ƙa'idoji, kuma da yawansu sun fi girmama abin da aka buga a mujallun waje. To idan aka ce wa matashin malami ba zai ci gaba ba sai ya shiga mujallun Turai, babu shakka zai zaɓi batun da Turai take so, ya kai mafi kyawun aikinsa can, wani lokaci ma ya biya dubban daloli kuɗin bugawa, ya bar wa mujallar gida ragowa. Daga nan sai a dawo a ce mujallar gida ba ta da inganci. Ka ga an kashe maciji ba a sare kansa ba ke nan, kullum ana zagaye a wuri guda.

Yanzu sai tambaya ta biyu, wato abin da mujallun suke dubawa. A nan tilas mu yi adalci. Wanda ya bi mujallun Abijan da ta Dakar da kuma ta ƙungiyar likitocin haƙori ta Nijeriya zai tarar da batutuwan da suka shafe mu kai tsaye: ruɓar haƙoran 'yan makaranta, ciwon dasashi, karayar muƙamuƙi sakamakon haɗarin mota da babur, ƙarin da ke fitowa a ƙashin haɓa, alamomin cutar ƙanjamau a cikin baki, da amfani da asuwaki. Akwai kuma batun da likitocin Afirka ta Yamma suka daɗe suna kuka da shi, wato kumburin fuska da wuya da ke farowa daga ruɓaɓɓen haƙori.

Wannan batu na ƙarshe ya kamata kowane ɗan kasuwa ya san shi. Idan haƙori ya ruɓe har ƙwayar cuta ta kai ga saiwarsa, mugunya takan taru. Idan ba a yi aiki a kan haƙorin ba, sai ta bi ta ƙarƙashin harshe ta gangara wuya, tana iya toshe hanyar numfashi ko ta shiga jini, mutum ya rasa ransa cikin 'yan kwanaki. Likitoci sun sha nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa asibiti a wannan hali sun yi kwanaki suna shan magungunan kashe zafi irin su diklofenak da ibuprofen da suka saya da kansu. Ƙwayar tana kwantar da raɗaɗi, mai ciwo ya ɗauka ya samu sauƙi, alhali cutar tana ta cin gaba a ɓoye. Ina ake sayen ƙwayar? Mazauna Abijan sun san wurin da ake kira Roxy a Adjame, wanda ya yi suna wajen sayar da magunguna a kan titi, har hukumomi suka kai masa samame a 2017 suka kwashe tarin kaya. Irin wannan tire na magani kuwa babu kasuwar iyakar da ba a samunsa, kuma kada mu yaudari kanmu, a cikin masu ɗauke da shi akwai 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Duk da haka, akwai babban giɓi. Kaso mai yawa na abin da ake bugawa daga fayil-fayil ɗin asibitin koyarwa ake tattaro shi: mutum nawa suka zo cikin shekara kaza, me ke damunsu, me aka yi musu. Wannan aiki ne mai amfani kuma mai sauƙin kuɗi, shi ya sa malamin da ba shi da tallafi yake yin sa. Amma wanda bai je asibiti ba ba ya cikin lissafi. Ɗan ci-ranin da ya zo daga Tawa ko Madawa yake soya kifi a rumfar garba, abincin nan na atceke da kifi wanda ya samo sunansa daga Hausawan Nijar masu sayar da shi, ba ya cikin fayil. Direban da ke ɗauko goro daga Anyama ya nufi Arewa, ya kwana goma a hanya, ba ya ciki. Matar da ke cikin gida wadda ba ta jin Faransanci ba ta ciki. Mutanenmu suna tsakanin ƙasashe, kuma kowace ƙasa takan ɗauka ɗayar ce za ta ƙirga su.

Akwai tambayoyin da mu muke da su, waɗanda muke so mu ga an amsa su da hujja. Mutumin da yake cin goro tun asuba har dare shekara talatin, me hakan yake yi wa haƙoransa da dasashinsa, ban da rinin da kowa ke gani? Tabar garin da ake cusawa a leɓe, da furen da mata kan goga, mene ne rabonsu a cikin gyambon baki? Shayin da ake dafawa sau uku da sukari kamar zuma a gindin kowace rumfa, da lemon kwalba da alawar da suka cika hannun yara, nawa suka ƙara yawan kogon haƙori a zango-zangonmu? Haƙorin Makka da ake sanya wa lafiyayyen haƙori, wa yake sa shi, da wane irin ƙarfe, kuma me ke faruwa a ƙarƙashinsa bayan shekara biyar? Masu cire haƙori a kasuwa da kayan aikin da ba a dafa ba, wace cuta suke ɗauka daga baki zuwa baki? Asuwakin da muka gada kuma muke riƙe da shi a matsayin sunna, ta yaya za a haɗa shi da man goge baki don a ci ribar duka biyun? Mujallar da ta amsa waɗannan, ko da makinta bai kai ko ɗaya ba a kundin Turawa, ta yi tasiri a wurinmu.

Don kada a ce surutu ne kawai, bari mu kawo misalai biyu daga ƙasar Hausa da ke nuna abin da bincike yake yi idan an yi shi, da abin da rashinsa yake jawowa.

Na farko shi ne cutar noma, ba noman gona ba, cutar nan mai cin baki da fuskar ƙananan yara, galibi 'yan shekara biyu zuwa shida. Takan faro ne da gyambo a dasashi ga yaron da yunwa ta raunana, sau da yawa bayan ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Baki ya yi wari, dasashi ya riƙa jini, miyau ya riƙa dalala, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama ya ruɓe ya huje. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998, yara kimanin 140,000 ne ke kamuwa da ita duk shekara, kuma tara cikin goma na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Abin baƙin cikin shi ne, idan aka gano ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Shekara da shekaru mutanenmu suna danganta ta da iska, duniya kuma ta kau da kai. Abin da ya sauya lamarin shi ne aikin masu bincike da masu jinya. Farfesa Cyril Enwonwu, ɗan Nijeriya, ya shafe shekaru yana rubutu a kanta. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu noma a Sakkwato, wanda ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa wa tun 2014. A Damagaram, ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwizalan ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara, kuma a can ne masanan Janiba suka gudanar da binciken da aka buga a 2013, wanda ya nuna cewa tsananin rashin abinci, da rashin lafiyar da yaro ya yi kwanan baya, da yawan haihuwar da uwa ta yi, har ma da rashin kaji a gida, wanda alama ce ta talauci, duk suna tafiya tare da cutar. Da irin waɗannan hujjoji Nijeriya ta jagoranci wasu ƙasashe ta shigar da buƙata a Janairun 2023, kuma a ranar 15 ga Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Wannan shi ne tasirin da muke nufi. Gaskiya ne manyan mujallun waje sun taimaka wajen kai kukan ga kunnen duniya, kuma ba mu raina hakan ba. Amma yaran da aka ƙirga a Sakkwato da Damagaram suke, kuma ma'aikacin lafiyar ƙauye da zai gane cutar a ranar farko ba ya karanta mujallar London.

Misali na biyu shi ne na Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a garin, ashe ruwan yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ƙima. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada ya wuce miligiram 1.5 a cikin lita guda, na Tibiri kuwa ya ninka haka. Aka shekara fiye da goma ana sha, har ɗaruruwan yara suka nakasa, ƙafafu suka karkace, haƙora suka rine. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kan lamarin. Abin lura a nan shi ne, idan fuloraid ya yi yawa a ruwa, a haƙoran yara yake fara nuna kansa, da ɗigo-ɗigon fari ko ruwan ƙasa. Da akwai tsarin duba bakin 'yan makaranta a kai a kai, a rubuta, a buga, a karanta, da an iya farga da wuri. A Langtang ta Jihar Filato ma masu bincike sun tabbatar da irin wannan rinin haƙori daga ruwan sha. Sinadarin da ɗan kaɗan ɗinsa a cikin man goge baki yake kare haƙori, shi ne yawansa a rijiya yake karya yaro. Bincike ne kaɗai ke nuna inda iyakar take.

Girman matsalar gaba ɗaya ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna cewa mutane kusan biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya, kuma a yankin Afirka sun kai kimanin miliyan 480. Likitocin haƙori kuwa a yankin namu ba su wuce ɗaya ga mutum kimanin 30,000 ba, su ɗin ma yawancinsu a manyan birane suke. A wurin da likita ya yi ƙaranci haka, ilmin da ke cikin mujalla bai kamata ya tsaya a kan kantar ɗakin karatu ba. Dole ya fito ya isa ga malamin asibitin ƙauye, da ungozoma, da wanzami, da mai kemis, da uwar yara.

Saboda haka muna da kira ga ɓangarori huɗu.

Na farko, ga editocin mujallun Abijan da takwarorinsu na Nijeriya. Ɗan kasuwa yana ƙetare iyaka uku ko huɗu kafin ya kai kayansa, cuta ma haka, amma bincike yakan tsaya a iyakar Faransanci da Ingilishi. Likitan asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Cocody suna ganin mutane iri ɗaya, wani lokaci ma 'yan gida ɗaya, amma ba kasafai ɗaya yake karanta ɗaya ba. Ya kamata kowace maƙala ta fito da cikakken taƙaitawa a harsunan biyu, a kuma tabbatar mujallun suna fita a kan lokaci, suna cikin rumbunan da ake nema, irin su African Journals Online da aka fara a 1998 da kuma African Index Medicus na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bugu da ƙari, muna roƙon su ware fitowa ta musamman kan lafiyar bakin 'yan ci-rani da fatake da direbobin dogon zango. Hasali ma idan suka riƙa karanta juna suna ambaton juna bisa cancanta, makin da suke nema zai tashi da kansa.

Na biyu, ga hukumar CAMES da hukumar kula da jami'o'in Nijeriya da majalisun jami'o'i. A ci gaba da tsananta tantancewa, kada a sassauta wa aikin banza don kawai na gida ne. Amma a ba da maki ga binciken da aka fita aka yi a cikin jama'a, da wanda ya sauya yadda ake jinya ko ya sa hukuma ta ɗauki mataki. Malamin da ya shafe wata shida yana duba bakin yara a zango bai kamata ya zo bayan wanda ya zauna a ofis ya kwafe fayil ba.

Na uku, ga gwamnatoci da gidajen rediyo. Binciken da ba a ba shi kuɗi ba ba zai wuce ƙofar asibiti ba. Kwaddibuwa ta fara aiwatar da inshorar lafiya ta bai-ɗaya a 2019, inda mutum ke biyan sefa 1,000, wato jikka guda, a wata. A ba masana dama su bincika ko wannan tsari yana kai talaka da baƙo ga kujerar likitan haƙori. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai fuloraid cikin jerin muhimman magunguna. To ya dace a dubi harajin da ke kansa don ya yi araha. Gidajen rediyon da ke watsa shirye-shirye da Hausa kuma su riƙa gayyato likitocin haƙori suna fassara wa jama'a abin da aka gano, da harshen da mai talla zai gane.

Na huɗu kuma mafi muhimmanci, ga mu kanmu 'yan kasuwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne muke shigo da sukari da alawa da lemo, mu ne muke sayar da buroshi da man goge baki, a hannun wasunmu ƙwayar take. Idan za a iya tunawa, a 2007 an gano man goge baki daga ƙasar Sin mai ɗauke da guba a Panama da Amurka da wasu ƙasashe, abin da ya sa aka janye shi daga kasuwanni. Kada mu saro abin da ba shi da rajistar hukuma, NAFDAC ce a Nijeriya ko takwararta a ƙasar da muke zaune, don kawai ya fi araha. A duba jikin kwali a ga adadin fuloraid, wanda ya kamata ya kasance tsakanin 1,000 zuwa 1,500 a ma'aunin da ake rubutawa ppm. Mai gina rijiyar burtsatse don sayar da ruwa ko don sadaka, ya kai ruwan a gwada kafin a fara sha. Mai sayar da ƙwaya kuma ya ji tsoron Allah: idan mutum ya zo da kumburarren kunci, ko bakinsa ya ƙi buɗuwa, ko haɗiya tana yi masa wuya, ba ƙwaya yake bukata ba, asibiti za a kai shi a ranar.

Haka nan muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin zango da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Adjame da Treichville da sauran wurare, da su nemi tsangayar likitancin haƙori da kansu, kada su jira sai an neme su. Su ba da rumfa ko farfajiyar makarantar Islamiyya, su samar da tafinta, su kwantar wa jama'a da hankali cewa mai duba baki ba jami'in shige da fice ba ne, ba takarda ya zo tambaya ba. Su kuma gindaya sharaɗi: duk wanda aka samu da ciwo a nuna masa inda zai je, kada a bayyana sunan kowa, kuma idan an gama a dawo a gaya musu abin da aka gano. Ƙungiyar da take iya tara kuɗin kai gawa gida, tana iya tara kuɗin motar da za ta kawo ɗaliban likitanci kasuwa sau ɗaya a shekara.

A gida kuma, abin da masana suka yi ittifaƙi a kai ba shi da tsada. A goge baki sau biyu a rana da man da ke da fuloraid, musamman kafin a kwanta. A rage sukari. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce abin da ya fi shi ne kada babban mutum ya wuce kimanin ƙaramin cokali shida a yini, kuma kowa ya san abin da ke shiga butar shayi ɗaya. Iyaye mata su riƙa buɗe bakin yaro suna dubawa, musamman bayan ƙyanda ko doguwar jinya. A kai yara allurar rigakafi. Rigakafi dai ya fi magani.

A namu ra'ayin, mujallar likitocin haƙori da ake bugawa a Abijan ko Dakar ko Legas tana da mudu biyu da za a auna ta da su. Na masana yana nan, kuma muna fatan ta cika shi. Namu kuwa shi ne: shin ta san da mu, kuma abin da ta gano ya iso gare mu? Wannan mudu na biyu ba zai cika ba sai mu ma mun buɗe baki, a duba mu, mu kuma yi tambaya. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.